Shekarar da Na Riƙe Damina da Ludayi

Ranar Talatar da ta wuce na jawo wa Gwaggo Asabe asarar ruwan farko na bana, kuma har yau da gefen ido take kallona. Ina kwance a zaure bayan azahar, ni kaɗai a gida, zafi ya dafa ni ya juya ni ya sake dafawa, sai na ji tsawa daga gabas. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizgi wani tsohon kwanon rufi da ke jingine a bango, na ruga tsakar gida, na kife shi a kan abu na farko mai buɗaɗɗen baki da na gani, na danne da dutse, na koma zaure na ci gaba da barcina kamar wanda ya ceci gari. Abin nan kuwa durom ɗin Gwaggo ne, wanda ta wanke tun da safe ta girke a ƙarƙashin indararo kafin su tafi suna ita da Inna. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowane gida a unguwarmu ta Gummi ya cika randa da bokiti, har da kwanon sha. Durom ɗinmu ya fito a bushe kamar an soya shi.

"Kai Bashiru, aljannu gare ka?" in ji Gwaggo da suka dawo, tana riƙe da ƙugu. "Mutum shina jiran ruwa tun bara, ka zo ka sa mai murfi?"

Inna ta dubi kwanon, ta dubi dutsen da na danne shi da shi, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan turmi. Dariyar ta ƙare, hawayen bai ƙare ba.

"Ƙyale shi, Asabe," ta ce. "Rijiyar ubanai ya rufe."

Ina da shekara tara a lokacin rijiyar nan, ko goma, ya danganta da wanda ka tambaya. Muna zaune a Tungar Ɓaure, wani ɗan ƙauye a ƙasar Bukkuyum wanda in ka yi atishawa a kan babur za ka wuce shi ba ka gani ba. Baba mai haƙa rijiya ne, ubansa ma haka. Kakanmu bai taɓa riƙe wata takarda ba, diga da igiya su ne shaidarsa. Amma tun bayan da ƙurar dutsen zinare ta kashe yara a wajen Anka, su Dareta da makwabtansu, aka sa ido a kan ruwan sha. Duk mai son a ba shi kwangilar rijiyar jama'a sai da lasisi. Baba ya je Gusau ya yi nasa tun ban yi wayo ba. Akwai hotonsa a jiki, kuma nan ne kaɗai na taɓa ganin fuskarsa babu jar ƙasa. Inna ta ce da aka nuna mata ta ɗauka wani ma'aikacin ofishin ne.

Takardar tana da wa'adi. In ya cika sai an sabunta, kuma sabuntawar ba a ofis take ƙarewa ba. Jami'i zai zo da kansa ya ga kayan aiki, ya ga hular kwano, sannan ya leƙa sabuwar rijiyar da ka haƙa ya ga ruwa a cikinta, kafin ruwan farko ya sauka. Dalilin a fili yake: da damina ko ramin da akuya ta tona yana tara ruwa. Rijiyar da ta ba da ruwa a tsakiyar bazara ita ce za ta riƙe gari duk shekara. Baba bai taɓa kukan wannan ƙa'ida ba. Ya ce kakanmu ma haka yake yi, bambancin dai shi babu mai zuwa a kan babur ya duba.

A shekarar nan wa'adin ya cika da bazara. An kuma yi wa Baba alkawarin aikin rijiyoyi uku a ƙauyukan Anka bayan kaka, amma sai mai lasisi da ransa za a ba. Rijiyar da zai nuna wa jami'i ita ce wadda yake haƙa wa garinmu, tunda ta kakanmu ta rufta. In ta kawo ruwa kafin sama ta kawo nata, Baba yana nan a matsayin mai aikin kansa. In sama ta riga mu, sai baɗi, aikin kuma ya tafi hannun wani.

Bazarar nan ba irin ta yanzu ba ce, ko kuwa ni ne na fi jin ta don cikina babu komai. Rana takan fito da fushinta tun daga gida. Kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da ƙadangaru ke gudu da ƙafa biyu suna hutar da biyu. Iska in ta taso kamar an buɗe maka bakin murhu. Dogonyaro kaɗai ya rage da ganye, shi ma inuwarsa a huhhuje take.

Da asuba Inna da sauran mata sukan ɗauki tuluna su nufi rafi, inda babu ruwa sai yashi. Su tona rami da ƙoƙo, su zauna suna hira suna jiran ya tsattso, ja kamar shayin da aka manta a wuta. Ruwan nan shi za a sha, a yi alwala, a dafa abinci. Abin da ya rage a wanke kwanuka, abin da ya rage daga wankin a ba akuya, akuya ta dube shi ta dube mu. Wanka kuwa ya zama labari. Ni dai ban yi ƙorafi ba.

Rumbu ya kai inda sai an zura ni ta sama in share ƙasansa da tsintsiya. Da safe kunu ne tsararo, wanda in ka leƙa za ka ga fuskarka har da ta kakanka. Da rana kwaɗon zogale, da ƙuli-ƙuli kaɗan don dai a ce an sa. Da dare tuwo in an samu, rabi dawa rabi dusa, da miyar kuka. Tsakani kuma goruba. Na gwigwiyi goruba a shekarar nan har haƙorana suka yi kaifin dagi. Inna takan ce ita ta riga ta ci a madafa. Ban taɓa ganin abin da take ci a madafar nan ba, kuma ni mai leƙe ne.

Aikin rijiya kuwa haka yake tafiya. Baba a ƙasa da diga. Kawu Haruna, ƙanen Inna, a sama yana jan guga cike da ƙasa, yana surutu da kowa har da igiya. Mazan gari sukan zo su karɓi ja bayan sun dawo daga sharar gona. Zoben simintin da za a jera a ciki a gefe ake zuba shi, shi ma ruwa yake sha, don haka kowace mace in ta dawo daga rafi sai ta tsaya ta zuba ƙoƙo guda daga tulunta a cikin kwaɓin. Babu wanda ya ce su yi. Ka san abin da ƙoƙo guda yake nufi a lokacin, sai ka ga mace ta zuba tana kawar da kai don kada ta ga yana tafiya.

Ni aikina biyu ne, kuma har yau ina ganin ba don ni ba da babu rijiya. Na farko iska. In rami ya yi zurfi iskar ƙasa takan mutu, don haka kowace safiya kafin Baba ya sauka sai a zura fitila. In ta mutu, babu mai sauka. Sai in ɗaura reshen dogonyaro a igiya, in yi ta zura shi ina jawowa har sabuwar iska ta shiga. Na biyu sama. Baba ya ba ni kwanon rufi guda biyu ya ce da na ji tsawa in kira shi ya fito, in kife su a bakin rijiya in danne da dutse, don kada ruwa ya zubar da bangon da ba a riga an sa wa zobe ba. Kawu ya raɗa mini suna Guga, wai kullum ina rataye a bakin rijiya kuma cikina fanko.

Ga kuma maganar hular kwano. Baba bai taɓa sa ta ba tun da aka ba shi, ya ce a ƙasan rijiya sai ta dafa masa ƙwaƙwalwa. Inna ta ga abu mai kyau yana zaman banza, ta zuba ƙaiƙayi ta ajiye a bayan randa. Kazarta ta shiga ta yi ƙwai, ta kwanta.

"Ke, hular ga jami'i za shi tambaya," in ji Baba.

"To shi jira ta ƙyanƙyashe, Malam," in ji Inna. "Shi takarda ɗai yaka kawowa. Ita ɗiya za ta ba ni."

Da an tafi yadda Baba ya tsara, da mun kai ruwa tun kafin a fara ganin gajimare. Sai muka ci karo da marmara, jan dutsen nan mai taurin tsiya. Diga na dukanta tana ramawa da tartsatsi. A yini guda abin da ake fitarwa bai fi abin da kaza za ta tona ba. Baba yakan fito da yamma ja jawur, gumi ya yi masa hanyoyi a baya, tafin hannunsa a fashe, ya zauna ya kalli gabas.

Gabas kuwa ta fara magana. Kullum bayan la'asar sai gajimare ya taru, fari da farko, sannan ya yi duhu a gindi. Mutanen gari suka yi binne: suka shuka ɗan irin da suka ɓoye wa yunwa a cikin busasshiyar ƙasa, don ruwan farko ya same shi a can. Daga nan kowa ya zuba wa sama ido yana kira. Gidanmu ma mun yi binne. Amma ni na san cewa a duk Tungar Ɓaure mu kaɗai ne ruwa zai yi wa ɓarna in ya zo da wuri.

Wata yamma hadari ya haɗu sosai, har iska ta fara sanyi. Ina tsaye da kwanona, sai Kawu ya yafito ni.

"Guga, zo in hwaɗa maka wani sirri. Tsohinmu sun san yadda aka tura hadari."

"Don Allah, Kawu?"

"Ni kaka tambaya? Ɗauko ludayin Yaya, na hura. Ka hau tudun ga, ka tsaya ƙahwa guda, ka juya mai bayan ludayi, ka tura shi Anka. Su ma suna so."

Na ruga na sato ludayin. Na hau tudun jar ƙasar da aka fitar daga rijiya, na ɗage ƙafa, na miƙa hannu ina turawa da dukkan ƙarfin gorubar da ke jikina. Kawu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, na ɗauka addu'a yake yi. Wallahi ba a jima ba iska ta juya, hadarin ya yayyage ya bi arewa. Ko ɗigo bai sauka ba.

Ka ga mutumin da aka naɗa sarauta? To bai kai ni ba. Washegari na sake, ya sake tafiya. Daga nan ludayi ya koma zama a cikin wandona. Inna ta neme shi ta gaji, ta zargi akuya, ta zargi makwabta, ta koma dama kunu da murfin kwano. Ni kuwa ina tafe a gari ina kallon manya da tausayi, suna ta maganar jinkirin damina, ba su san damina tana ƙugun wandona ba.

Daɗin bai daɗe ba. Zabi da tururuwa suka fara tone binnen mutane. Na ga makwabcinmu ya durƙusa a gonarsa yana tona rami ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana dubawa, yana mayarwa. Sannan wata safiya Yafendo Hajo ta zo. Tsohuwar Bafulatana ce daga rugar bayan rafi, ita ke kawo mana nono a musanya da dusa. Ranar nan ƙwaryarta ko rabi ba ta kai ba. Ta zauna a ƙofar madafa.

"Nagge ta kwanta," ta gaya wa Inna, saniyarta take nufi. "Jar nan, mai ɗan maraƙi. Mun ɗaga ta, ta koma. Mun yanka jiya."

Da za ta tafi ta kira ni, ta zuba mini ɗan nonon da ya rage a ƙoƙo. "Sha, ɗan rijiya. Ka ce ma babanka shi yi sauri."

Na sha. Ludayin na sukata a cinya. Ni na kashe saniyar nan, haka na yanke a raina, ni da ƙafata guda. Duk da haka da la'asar ta yi, hadari ya taso, na tuna da tafin hannun Baba, na sake hawa tudu.

Ranar Juma'a liman ya ce gobe a fita roƙon ruwa. Aka fita filin idi da hantsi, maza da riguna a juye, tsofaffi da sanduna, yara da awaki, mata a baya da gumbar sadaka wadda ban san inda suka samo geronta ba. Na tabbata Baba ba zai je ba. Sai ga shi ya fito daga rami, ya karkaɗe jiki, ya juya rigarsa, ko da yake ciki da wajenta duk launi ɗaya ne. Ya kama hannuna muka tafi.

Liman ya yi salla, ya ɗaga hannu yana roƙo. Jama'a na amsawa. Ni na damƙe bakina gam. Na ce a raina ba zan ce amin ba, ba kuma zan ce a'a ba, Allah Ya ga dai ban sa baki ba. Sai na ji wata amin a gefena, mai kauri, wadda ta fi ta kowa fitowa daga ciki. Na ɗaga kai. Baba ne, idonsa a rufe, fasassun hannayen nan a sama, hawaye ya yi hanya a cikin jar ƙasar fuskarsa.

A hanyar komawa na kasa haƙuri.

"Baba, in anka yi ruwa, lasisi hwa?"

"Shi mutu."

"To don mi kac ce amin?"

Ya dube ni. "Kai aka zurawa rumbu. Mi ya saura ciki?"

"Ba komi."

"To."

Shi ke nan abin da ya ce. Muna isa ya zura fitila, ya ga tana ci, ya kama igiya ya sauka, ya ci gaba da dukan marmara kamar ba shi ya gama roƙon abin da zai ɓata masa aiki ba.

Na shiga gida na zaro ludayi na miƙa wa Inna. Na gaya mata komai, har da saniya. Ta karɓa, ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta ƙwanƙwasa mini shi a ka.

"Kai da ludayi kunka riƙe damina? Allah Shi shirya Haruna. Tai ka wanke shi, da ƙasa, ba ni da ruwan ɓatawa."

Kawu kuwa da labari ya kai masa sai da ya saki igiya don dariya, Baba ya yi masa tsawa daga ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki, wajen azahar, ƙarar diga ta canja. Maimakon ƙwal ƙwal sai muka ji wani abu kamar ana dukan buhu. Muryar Baba ta taso daga ƙasa: "Haruna! Ja a hankali." Gugan ya fito da yashi mai duhu. Kawu ya damƙi cikin hannu ya matse, ya buɗe, yashin ya tsaya a dunƙule da shaidar yatsunsa. Na kai hanci. Ban san yadda zan kwatanta ƙamshin nan ba. Har yau ban ci abin da ya kai shi ba.

Aka yi ta ja. Yashi ya koma laka, laka ta koma taɓo, sannan guga ya fito yana ɗiga. Kafin a ce me, duk gari ya taru. A gidanmu mai haƙa ba ya fara shan ruwan rijiyarsa, wanda ya fi kowa tsufa a wurin ake ba. Ranar nan Yafendo Hajo ce, ta zo da ƙwaryarta. Aka tace da bakin zane aka miƙa mata. Ta yi bisimilla ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye.

"Ba gishiri," ta ce. Mata suka rangaɗa guɗa.

Kawu ya ɗauki wayarsa ya haye ɓauren bakin gari, don a reshe na sama ne kaɗai ake samun sabis. Daga can muna jin ihunsa: "Ranka shi daɗe, ruwa! Awo, ruwa! A'a, ba na sama ba!" Ya sauko ya ce jami'i yana Gummi, gobe da safe zai taso. Aka jera sauran zobba da gaggawa. Inna ta leƙa bayan randa ta ce ƙwai sun fara fashewa, gobe hula za ta samu. Komai ya zo daidai.

Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin.

Wannan karon ba irin na baya ba ne. Tsuntsaye suka yi shiru. Iska ta zo da sanyi da ƙamshin ƙasar wani gari da aka riga aka yi wa. Na taɓa ƙugu, babu ludayi. Yana nan rataye a madafa, ina ganinsa ta ƙofa. Na dube shi, na dubi Baba. Baba yana kallon sama, kuma wallahi murmushi yake yi. Na bar shi a inda yake.

Tsawa ta fashe. Na ja kwanukana na kife, na danne da duwatsu, iska ta ɗaga gefe guda, sai na haye na kwanta a kai. Kawu ya zo ya danne ɗaya gefen da gwiwa. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, babba, mai ɗumi. Daga nan aka sako. Ta ƙarƙashin hannuna ina hango gari ya haukace: yara tsirara suna birgima a taɓo, mata na jera tukwane, makwabcinmu tsaye a bakin gonarsa ya cire hula ruwa na dukan sanƙonsa. Inna ta fito da duk abin da ke da baki a gidanmu. Ni ina kwance a kan kwano ina kuka, ina kuma buɗe baki ina sha, don ƙishirwa ba ta san ana rigima ba.

"Guga, ko ɗigo bai shiga ba!" in ji Kawu yana ihu a kunnena. "Ni ne shaida!"

Rafi ya kawo, ya yanke hanya. Sai da ya janye jami'in ya iso, wandonsa naɗe zuwa gwiwa, babur ɗinsa duk laka. Mutum ne mai sanyin magana. Baba ya tarbe shi sanye da hular kwano, gashin kaza maƙale a gefe, tana wani wari da ya sa jami'in ya ja baya kaɗan cikin ladabi. Ya duba igiya, ya duba diga, ya ƙwanƙwasa zobba ya yaba. Ya leƙa. Ruwa na nan kwance, yana nuna masa fuskarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma an yi ruwa."

"Mun rufe ta, ranka shi daɗe!" in ji Kawu. "Yaron ga bisa kwano ya kwanta. Dubi bayanai, har yanzu da shaida. Dud garin ga sun sha tun kahin hadari. Tambayi Yafendo!"

"Na yarda da ku," in ji jami'in. "Amma abin da idona ya gani zan sa wa hannu, kuma yau ƙasa duk a jiƙe take. In na sa maku, gobe wani ya tona rami da damina ya ce shi ma garinsu sun sha."

Kawu ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Gaskiyatai, Haruna. In ruwan rijiya na, baɗi ma shina nan."

Jami'in ya ɗebi kwalba guda don a gwada ko da guba, ya ce zai dawo da bazara. Inna ta kawo masa kunu, ya sha, na ga yana kallon fuskarsa a ciki. Da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace Baba ya cire hula ya miƙa wa Inna, ya ɗauki fartanya ya tafi gona.

Daminar ta yi kyau. Abin da zabi suka bari ya tsiro, muka sake shuka inda suka ci. Muka ci tafasa har gero ya nuna, sannan muka ci tumu har cikina ya yi ƙara kamar ganga. Aikin Anka aka ba wani mai lasisi. Baba ya je ya yi masa leburanci, shi ke sauka, sunan wani ke kan allo. Bai taɓa maganar ba. Sai dai duk ranar da ya dawo, kafin ya shiga gida yakan zarce rijiyarmu ya leƙa, ni ma in leƙa a gefensa, kawunanmu biyu a cikin ruwa.

Da bazara ta zagayo rafi ya koma yashi, amma babu macen da ta ɗauki tulu ta nufi can. Jami'in ya dawo da rana tsaka, ya zura igiyar awo, ta fito a jiƙe. Ya sa wa takardar hannu a kan kujerar babur. Ya tambaya ina yaron da ya kwanta a kan kwano, aka tura ni gaba, na ji kunya karo na farko a rayuwata.

Nan Gummi ruwa a jarka yake zuwa. 'Yan garuwa ke turo shi daga burtsatse, ya iso da zafi da ɗanɗanon roba. Babu abin leƙawa, babu fitilar zurawa, babu wanda ya san wa ya haƙa. In hadari ya taso mutane kwashe shanya suke yi. Ina cin tuwo in ƙoshi, ina wanka kullum saboda Gwaggo ba ta da wasa. Amma da za a ce in zaɓa, da na koma bakin ramin nan da kunu tsararo a cikina, ina jan reshen dogonyaro, ina jin ƙwal ƙwal daga ƙasa.

Baba ya haƙa rijiya huɗu da sabon lasisin kafin ƙirjinsa ya hana shi sauka. Ya rasu wa'adin bai sake cika ba. A shekarar ne 'yan bindiga suka hana mu noma, duk Tungar Ɓaure ta tashi, kowa ya bi inda yake da dangi. Kawu yana Kebbi yana jan igiyar wani. Hular kwano ta zo tare da mu, tana bayan randar Gwaggo, wata kaza na ciki.

Watan jiya jikan Yafendo Hajo ya kawo shanu kasuwa, Inna ta tare shi ta tambaya. Ya ce ya bi ta Tungar Ɓaure da tsakiyar bazara. Ɗakuna sun zube, ɓaure na nan. Ya zura guga a rijiyar Baba ya shayar da shanunsa duka, ruwan bai ragu ba.